Bayan jinyar Inna da rasuwarta, ta ina zan sake kama aikin tsofaffin nan?

Wa'alaikis salam ƙanwata. Kafin komai Allah ya jiƙan Inna ya gafarta mata, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ke kuma da kika yi jinya Allah ya ba ki lada ya ba ki masu yi miki. Saƙonki sau biyu na karanta shi, na farkon ban iya amsawa ba sai da na aje wayar na tashi na yi ƴan kai-kawo a tsakar gida, dan ya taɓo min wani tsohon miki.

In na fahimce ki daidai, ke da wasu mata da ƴan samarin unguwa kun haɗa ƴar ƙungiya kuna zagaya gidajen tsofaffi a unguwannin Birni da Garin Malam a nan Damagaram, ku kai sabulu da ɗan hatsi, wani lokaci ku raka mutum asibiti, har kun fara rubuta sunaye a kaye. Sai Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, kika aje komai kika tare a ɗakinta shekara 2, yanzu wata 5 ke nan da rasuwarta. Kina so ki koma amma kunyar kiran mutanen ta hana ki, ba ki san inda kuɗin kes suka kwana ba, kuma kina tsoron ranar da za ki shiga ɗakin wata tsohuwa ki ji warin nan da kika sani. Shi ne kike tambaya ki ci gaba ko ki haƙura, in ci gaba ne ta ina.

Ni infirmiya ce, a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, na yi yawancin aikina kafin in yi ritaya, kuma ni ma na yi jinyar mahaifina har Allah ya karɓi abinsa, dan haka ba daga takarda kaɗai zan yi miki magana ba. Amsata ita ce ki koma. Amma ki cire ran cewa za ki ɗora daga inda kika tsaya, wurin nan babu shi yanzu, ke ma ba wadda ta tsaya ɗin ba ce.

Mu fara da ke tukuna. A wurinmu an san zaman makoki kwana 3 ne, matar mamaci ita ke da takaba wata 4 da kwana 10, ɗiyar da ta yi jinya kuwa ba wanda ya yanka mata lokaci, ana yin sadakar arba'in sai kowa ya ɗauka kin warware. Alhali jikinki bai san an gama ba. Na tabbata har yanzu kina farkawa ƙarfe 2 na dare ki yi zumbur za ki juya ta sai ki tuna. Kuma akwai abin da masu jinya ba sa faɗa wa kowa, ranar da aka kai ta kin ji wani sauƙi can ƙasan zuciya, kin yi barcin da kika daɗe ba ki yi ba, daga baya kika riƙa zargin kanki. Wallahi kusan duk wadda ta yi doguwar jinya ta san wannan, gajiya ce ta sauka, ba rashin so ba ne. Abin da zan ce ki sa wa ido shi ne in kin wuce wata 6 har yanzu ba kya iya ci, ba kya barci, ba kya iya ayyukan gidanki, ko kina jin ina ma ki bi ta, to wannan ya wuce a ce ki yi haƙuri kawai, ki je ki ga likita, ciwo ne da aka san shi kuma ana taimaka wa mutum. Ki auna tansiyonki ma, ki sa a duba miki baya. Shekara 2 kina ɗaga babban mutum ba wasa ba ne.

Ni da Baba ya rasu, ana gama sadakar bakwai na koma aiki wai ni jaruma. Kwana 3 da komawata aka kawo wani dattijo fitsari ya tsaya masa za a sa masa sondi, wato robar fitsari, irin ciwon Baba sak, har hular kansa irin tasa, hannuna ya kama rawa na kasa buɗe ko ledar kayan, sai abokin aikina ne ya karɓa ni kuwa na shige magaza na yi ta kuka. Shi ya sa nake ce miki ziyarar farko ku je ku biyu, ke ki riƙe kaye da bik, ɗayar ta taɓa jiki. Kuma kar gidan farko ya zama na mai shanyewar jiki. Ki fara da tsohon da idonsa ne kawai ya yi yana, ku yi hira ku yi dariya ku fito. In kuka ya zo miki a gidan mutane ki fita zaure ki yi abinki ki wanke fuska ki dawo, ba abin kunya ba ne.

Maganar kunyar kiran ƴan ƙungiya kuma, haba ƙanwata, wa kika ci wa bashi? Uwa kika yi jinya. Zumunta a ƙafa take, kar ki tura dogon vokal a gurup ɗin WhatsApp, ki taka ki je gidajensu ɗaya bayan ɗaya ki yi godiyar ta'aziyya, a nan maganar za ta fito da kanta. Wasu sun yi aure sun bar unguwa, wasu sun tafi Agadas ko Kano, za ki iya samun mutum 4 ko 5 ne kawai, sun isa.

Amma gidan farko da za ki je na ma'aji ne, ke kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Na ga ƙungiyoyin mata da yawa da suka mutu a Damagaram ɗin nan, ba rashin niyya ya kashe su ba, jika 20 ko 30 ne da ba wanda ya yi bayaninsu sai gulma ta cinye kowa. Ku zauna ku buɗe kaye, nawa ya shigo nawa ya fita. In ta ce miki lalura ta same ta ta taɓa kuɗin, kar ki ɗaga murya, a rubuta shi bashi ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, a taro kuma a faɗi abin da ke hannu da abin da ke waje ba tare da an tozarta ta ba. Daga yanzu mai riƙe kuɗi daban mai riƙe kaye daban, kuma ko dala ba ta fita sai mutum biyu sun sani. In akwai wani Alhaji a Kasuwar Dole da ya taɓa ba ku buhun gero ko katan ɗin sabulu, ki je ki gaishe shi ki faɗa masa abin da ya tsayar da ku, kar ki roƙi komai ranar.

Sunayen da ke cikin tsohon kayenku kuwa ki ɗauke su tarihi. Shekara 2 a wurin ɗan shekara 80 tafiya ce mai nisa. Wasu sun rasu, wanda kuka bari yana zuwa masallaci da sandarsa yanzu yana kwance, wata ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta Miriya. Ki tuna damanar 2024 da ta kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ɗakunan ƙasa nawa suka bi shi, kuma kin san a gidajenmu ɗakin da ya fi tsufa shi ake bar wa wanda ya fi tsufa. Dan haka sai an sake zagaye. Ki bi ta wurin mai unguwa da liman da rele ɗin CSI ɗinku, wato masu zagaya gidaje a madadin asibiti, su suka san gidan da akwai mutum kwance a ƙuryar ɗaki ba a faɗa. Kuma dan Allah kar ku ɗauki gida 50. Ku ɗauki 10, ku riƙe su wata 3 ba fashi, sannan ku ga ko akwai ƙarfin ƙari.

To yanzu ga ainihin abin da nake so ki ji. Ki zauna ki tambayi kanki, cikin shekara 2 ɗin nan, da tsakar dare Inna ta ɓata shimfiɗa ke kaɗai ga kuran an ɗauke, me kika fi bukata? Na san ba tiyar shinkafa da hoto ba ne. Kin bukaci wanda zai nuna miki yadda ake juya mutum ba tare da bayanki ya tsinke ba, kin bukaci wadda za ta zauna miki awa 3 ki runtsa ko ki je sunan ƙawarki ki ga mutane, kin bukaci wanda zai ce miki wannan baƙin tabon na bayanta gyambo ne ke tahowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke yanzu kin kwana a ɗakin. Da can kuna kallon tsohon ne kaɗai, yanzu ki kalli wadda ke tsugune kusa da shi, dan ita ce asibitinsa ita ce farmasinsa, in ta faɗi shi ma ya faɗi. Kuma kin san wace ce, ɗiya bazawara da aka ce ai ke ba ki da miji sai ki zauna, ko matar ɗa mai goyo da wasu yara 5, ko jika ƴar shekara 12 da aka cire daga lakwal. Mazan suna Jado ko Libiya ko Legas, su turo ɗan abin da ya samu ta Nita su bugo waya suna ba da oda. Can wajen Kance da Matamaye ma abin ya juye, iyaye mata sun tafi Aljeriya an bar kaka da jikoki, ita da ya kamata a kula da ita ita ke daka.

Ƙasarmu ta yara ce, kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba, shi ya sa hankalin kowa na kan yara da masu ciki, tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ban ce laifi ba ne, ni ma a kan awon ciki da rigakafi na ƙare ƙuruciyata. Amma sakamakon shi ne tsoho in ya kwanta ba wanda aka koya wa yadda za a yi da shi, an sallame shi daga asibiti da ordonas a hannu shi ke nan. Wannan gurbin ne ƙungiya irin taku za ta shiga, kuma yawancinsa ba kuɗi yake ci ba.

Ɗauki gyambon kwanciya. Shi na fi tsana a duk aikin nan dan kusan kullum ana iya hana shi, in ya buɗe kuma wata da watanni ana fama, wani lokaci shi ke tafiya da mutum ba ciwon farko ba. Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk bayan awa 2, dama, baya, hagu, da dare ma a yi iya ƙoƙari. Masu jinya ba agogo suke kallo ba, dan haka ni nakan ce musu kowace salla a juya, sannan tsakanin salla da salla a ƙara, da safe tsakanin asuba da azahar ne mai tsawo a nan ake mantawa. Wuraren da za a duba kullum lokacin wanka su ne ƙashin da ke saman ɗuwawu, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. A littattafan Turawa za ki ga an ce wurin zai yi ja, mu fatarmu ba ta nuna ja, wurin duhu yake ƙarawa, ki taɓa ki ji ya fi sauran zafi ko ya yi tauri ko ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. In an ga haka kar a murza, kar a gasa da ruwan zafi, a ɗauke nauyi daga kansa kawai. In ya buɗe ban da toka, ban da barbaɗa garin kapso, a wanke a rufe a nemi infirmiye. Leda a ƙarƙashi dole ce saboda fitsari amma a shimfiɗa zanen auduga a kanta, dan fata kan leda a zafin Afrilu dahuwa take. A sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa katifa ba. Wajen gyara kwanciya kuma mutum biyu su kama zanen su ɗaga, kar a ja shi ta hammata. Wannan duka kin iya shi da hannunki, abin da ya rage ki koya wa wata a ɗakinta, a kan nata majinyacin, ba a taro da majigi ba.

Ci da sha ma haka. Mai shanyewar jiki ba a ɗura masa ruwa da buta yana kwance, a zaunar da shi sosai, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, a duba kumatun ɓangaren da ya mutu ko abinci ya maƙale, in an gama ya zauna rabin awa kafin a kwantar. Wanda ke shaƙewa kunu mai ɗan kauri ya fi masa sauƙi a kan tsinkakke. In yana tari duk lokacin ci ko muryarsa ta yi kamar akwai ruwa a maƙogwaro, abincin na bin hanyar huhu ne, ƙarshensa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kuma a daina tsare tsoho a kan farin kunu safe da yamma, a dama masa da ƙuli-ƙuli ko madara, a ba shi wake da ya dahu lugub, ƙwai in da hali, zogale a miya.

Ruwa kuwa, tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, wasu kuma da gangan suke ƙin sha dan kar su dami mutane da fitsari. Ga garinmu da kika sani, zafin bazara ya haura 40, pampo ya kwana biyu bai kawo ba, jarkar da aka sayo ana lissafinta. Ku ce a aje masa nasa ɗan tulun da moɗa kusa da hannunsa mai lafiya. Wannan yana da alaƙa da abin da zan faɗa yanzu: in tsoho jiya lafiya lau yau ya wayi gari yana sambatu bai gane kowa ba, kar a ce gigin tsufa ne a zuba ido, sau da yawa ƙarancin ruwa ne ko ciwon sanyin fitsari ko zazzaɓin cizon sauro ko ya kwana 5 bai yi bayan gida ba, a kai shi CSI ranar. Ruɗewar tsufa ta gaskiya a hankali take zuwa, wata da watanni, ta fara da manta inda aka aje carbi har ta kai ga manta sunan ɗa.

Ita wannan ruɗewar ce ta fi ba ni tausayi, kuma a nan bakinku zai yi aikin da allura ba ta yi. Tsohuwa ta fita da dare tana neman gidan ubanta da aka rushe tun zamanin Diori, ko ta ce surukarta ta sace mata kuɗi, ko ta kira sunan yaron maƙwabta washegari yaron ya yi zazzaɓi, shi ke nan an ce mayya ce. Na taɓa shiga wani gida na tarar an kulle wata baiwar Allah a ɗakin awaki ana tura mata abinci ta ƙasan ƙofa, kuma ƴaƴanta ba mugaye ba ne, tsoro ne da rashin sani. Ciwon ƙwaƙwalwa ne kamar yadda ido ke yin yana. Ba a gardama da ita, in ta ce za ta gida ki ce to Inna bari mu sha kunu sai mu tafi, kafin a gama ta manta. A sanar da maƙwabta da masu tebur na bakin layi in sun gan ta su dawo da ita. Irin gidan nan ki tafi da liman ko wata malama da ake jin maganarta, kalmarsu ɗaya ta fi tawa goma.

Sauran abubuwan zan bi su da sauri. Faɗuwa yawanci a hanyar masai take da dare, tsugunon ne gwiwa ba ta iyawa, kujerar roba da aka huda tsakiya aka sa bokiti a ƙasa ko ta ƙarfe da mai walda zai haɗa tana canza rayuwar gida gaba ɗaya, sai tocila kusa da matashi. Ku sayi na'urar awon tansiyo guda ɗaya ta dantse, mutum ya zauna minti 5 kafin a auna, in ta kai 14/9 ko ta wuce a ranaku biyu daban a tura shi CSI, wanda aka ɗora kan magani kuma ba a dainawa dan an ji sauƙi, yawancin shanyewar jikin da na gani daga nan ta fito. A rage gishiri da magi, kanwa ma gishiri ce mutane ba su sani ba. Ku buɗe ledar magungunan da ke ƙarƙashin matashi ku gani, za ki tarar da diklofenak na masu talla ana sha kullum saboda gwiwa, shi kuwa yana cin ƙoda da ciki yana ƙara hawan jini. Yanar ido ana aikinta a asibiti mutum ya koma yana gani, kar a bari a kai shi wurin masu tsokane ido da allura. In baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta harɗe farat ɗaya, babban asibiti kai tsaye, rubutu da tofi a yi su a hanya.

In kina son abin da za ku riƙa dubawa a tsare, OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta fitar da wani tsari a 2019 ana ce masa ICOPE, abu 6 yake dubawa: tunani, motsi, cin abinci, gani, ji da damuwar zuciya. Ba sai da likita ba. Ki faɗa wa tsoho kalma 3 ki tambaye shi anjima, ki ce ya tashi daga kujera sau 5 ba dafawa a cikin daƙiƙa 14, ki tambaya ko ya rame ko abinci ya fita ransa a wata 3 ɗin nan, ki tsaya bayansa ki yi raɗa ki ji ko ya ji, ki tambaye shi ko cikin sati 2 yana jin baƙin ciki ko komai ya fita ransa. Namu tsofaffin a tabarma suke zama dan haka ku tafi da kujerarku. Kowane gida shafinsa a kaye, da kwanan wata. Amma ku san iyakarku, ku ba asibiti ba ne, ban da allura ban da ƙarin ruwa ban da canza wa mutum magani. Ki je ki gabatar da kanku wurin majon CSI, wato shugabanta, tun farko ya san da ku, in kun turo mutum ya san daga ina. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta nan Zinder ma za ki samu masu son zuwa ranar Asabar, amma a ƙarƙashin idon babba.

Wani abu da ƙungiyoyin mata ke mantawa, dole sai da maza. Matar ɗa ba za ta yi wa surukinta wanka ba, ɗiya ma da kyar, sai ki ga dattijo ya yi wata ba a wanke masa gaba ba yana fama da sondi, kowa na jin kunya shi ma yana jin kunya. Ki nemo maza 2 ko 3 masu hankali daga masallaci ko fadar samarin unguwa, su koya wa ƴaƴa maza da jikoki. Kuma ban da hoto. Mutumin da ya yi shekara 60 yana rufa wa kansa asiri kar a wayi gari a gan shi a Facebook riƙe da sabulu.

Ki yi hankali da kyautar da ba a tambaya ba. Wani proje ya taɓa raba kekunan guragu ina cikin masu rakiya, aka yi taro aka yi jawabi aka tafa, bayan wata 2 na koma gidajen na tarar ana shanya a kan wani, wani yara sun mayar da shi mota. Tsakar gida yashi, dokin ƙofa ya kai gwiwa, lungun Birni ga kwata a tsakiya, ina keken zai bi? Da an tambayi matan gidan da katifa da leda za su ce. Haka ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, in an gayyace ku ku je, amma kar shekararku ta ƙare a shirin rana ɗaya da riguna masu tambari. Takardun ƙungiya ma in ba ku da su ki bari sai kun yi wata 3 ɗin nan kuna aiki, lokacin kin san su wa za ki sa a buro.

Sai maganar da za ta ɗan yi miki ɗaci. Kin tsaya, aiki ya tsaya, ma'ana tun farko a kanki kaɗai aka ɗora shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gobe wata cikinku ce za ta shiga jinya ko haihuwa ko takaba. Kowane gida a ba shi mutum biyu, lambar majo da ta mai adaidaitan da kuke kira da dare kowa ya same ta, ke kuma ki yanka wa kanki kwana 2 a sati kar ki wuce. Na faɗi haka ne dan na san abin da ke tafe, za ki samu wata tsohuwa mai muryar Inna ki fara kwana a gidanta kina biyan bashin da ba a bin ki, mijinki da yaranki da suka yi haƙurin shekara 2 su sake rasa ki. Ki ba wata a ƙungiyar izinin ta ja miki kunne in ta ga haka.

Kayan jinyar Inna, katifa, kujerar bayi, sanda, na'urar tansiyo in akwai, su za su iya zama farkon kayan aron ƙungiya, a kai gidan da ke bukata in an gama a wanke da zabel a kai wani, ladan yana isar mata. Amma ki tuna kayan gado ne ko da tsummoki ne, ki nemi yardar ƴan uwanki tukuna kowa ya ce ya yafe, kuma in akwai abin da ba za ki iya ganinsa a jikin wata ba, kamar bargonta, ki aje abinki a akwati.

Satin nan ki je wurin ma'aji, sati mai zuwa mai unguwa da majo, na uku ku yi taronku ko da ku 4 ne a ƙarƙashin bishiya. In kun tsayar da rana ki faɗa min zan zo da tawa na'urar in nuna muku juyi da zane, gwiwata ba ta son nisa sai ki turo min ɗan kabu-kabu. Kar dai ki sa ranar Alhamis, ranar kasuwa ce ba wadda za ki gani.